Ba Kowace Atishawa Ce Mura Ba

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin mun ɗora wa kalmar "mura" kayan da ya fi ƙarfinta. Da ita muke kiran ciwon da ƙwayar cuta ke kawowa ya wuce cikin mako guda. Da ita kuma muke kiran atishawa da ƙaiƙayin hanci da na ido da ke dawowa duk sa'ad da mutum ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so. Na biyun ba a ɗaukarsa, kafso kuma ba ya maganinsa, amma da yake sunan ɗaya ne, sai a garzaya kemis.

A Kwarbai, cikin birnin Zazzau, hunturu ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi kan lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai ɓarawon yana cikin ɗaki: ƙwarin da ido ba ya gani a katifa da darduma, kashin kyankyaso, da fumfunar da damina ke bari a bango. Turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a ɗaki mai taga ɗaya kuwa, ƙara wa Barno dawaki ne.

A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa a rana, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi. Takunkumin da muka ajiye bayan 2020 yana da amfani ranar hazo. Ƙona bola a lungu kuwa, masu unguwanni da ƙaramar hukumar Zariya ya kamata su hana.