Dattijo da Kogin da ke Cikin Kansa

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu na ƙasar Haɗeja mun sha ganin wani abu. Dattijo zai ɗaga murya ya ce, "A zamaninmu ruwa yana kaiwa gindin tsamiyar can." Sai samari su sunkuyar da kai suna murmushi. Mu a ganinmu wannan murmushi hasara ce.

Bari mu yi lissafi. Wanda aka haifa a 1940 ya haura shekara tamanin. Masu binciken tsufa sun gano cewa abin da tsoho ya fi riƙewa shi ne abin da ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Ga dattijon namu, daga 1950 zuwa 1970 ke nan. Shekarun 1950 kuwa na ruwan sama ne mai yawa a ƙasar Hausa, kuma ba a tare kogin ba tukuna. Ambaliya takan sauko kowace damina ta cika fadamu daga Auyo har Nguru. A shuka shinkafa, in ruwa ya janye a zuba wake, a kama kifi, Fulani su kawo shanu.

To, wannan kogin ya sake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsu jan-baki ya sami wurin kwana. Saboda haka in dattijo ya ce ga ranar da ruwa zai iso, mu auna maganar, domin kogin da ke cikin kansa yake faɗi. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Amma akwai abin da ya fi mu. Ya ga farin 1973, ya ga na 1984, ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022. Mu shekara ɗaya muke dubawa, shi hamsin yake jerawa. Shi ya sa amfani mai kyau ba ya ruɗinsa, mugunyar shekara ba ta karya masa zuciya. In ya hana a sayar da hatsin rumbu da kaka, ba rowa ba ce. Ya tuna shekarar da aka ci iri.

Ga wani abu kuma. Wata malama a Jami'ar Stanford ta Amurka, Laura Carstensen, ta nuna cewa mutum in ya ga kwanakinsa sun rage, yakan bar neman sabon abu, ya koma ga zumunci da kwanciyar rai. Mun gani da idonmu. Rigimar iyakar gona da ta gagari samari, tsoho yakan kashe ta da magana biyu, don ba shi da lokacin gaba da maƙwabci.

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta ware zama ɗaya kafin damina domin tsofaffi, maza da mata. Sakatare ya zo da littafi. A tambaye su tsoffin hanyoyin ruwa, da tudun da ambaliya ba ta taɓa ci ba, da irin da ya jure fari. A rubuta, sa'an nan a je a gwada da kogin yau.

Kada mu jinkirta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma kowace shekara tana raguwa a cikin tulu.