Ba madarar ce ke cinye haƙoran yaranmu ba

Idan haƙoran gaba na ɗan shekara uku suka yi baƙi suka fara gutsurewa, a gida akan ce tsutsa ce, ko kuwa a ɗora wa madara laifi. Ni dai a ganina an zalunci madara. Gwangwanin sukarin da ke gefenta ya kamata a tuhuma, tare da fidar da ake kwantar da yaro da ita.

Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukari, su fitar da tsami mai narkar da farin ɓawon haƙori. Yawu ne ke wanke tsamin, ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Madarar shanu tana da nata sukarin, laktos, amma ƙwayoyin ba sa sarrafa shi da sauri kamar sukarin rake, ga kuma kalsiyam da fosfet da take ɗauke da su. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, wadda ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, ba a lissafa sukarin da ke cikin madara tun asali ba. Kindirmo tsantsa da cukun Buzaye suna wannan sahu.

To amma yaushe rabon da mu ba yaro kindirmo tsantsa? Yogot ɗin roba muke saya a kanti muna jin mun yi abin kirki, ba tare da duba sukarin da aka zuba masa ba. Madarar gwangwani mai kauri kuwa kusan rabinta sukari ne. Ko fura da nono, sai an ɗura mata cokali biyu kafin ta isa bakin yaro.

Mafi muni shi ne dare. Yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci, don haka yaron da barci ya ɗauke da fida a baki haƙoransa na sama ke kwana jiƙe cikin zaƙi, babu mai wanke su. A nan ko madara zalla tana iya yin ɓarna.

Na san abin da za a ce: ai zai yi famfara. Zai yi, amma turamen ƙuruciya kan kai shekara goma ko fiye kafin su fita, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. Kafin nan akwai ciwo, da kumburi, da ƙin cin abinci.

A daina fida bayan shekara ɗaya, a koma kofi. Daga fitowar haƙorin farko, a riƙa goge shi da man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare, kuma bayan na daren kada yaro ya sha komai sai ruwa.