TARAKTA BA TA MUTU BA, KULAWA TA RASA

Duk wanda ya taɓa leƙa harabar sashen aikin gona na wata ƙaramar hukuma, ya ga taraktoci a jere, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. In ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce cewa sun ƙi tashi ne. Ra'ayinmu shi ne da yawa daga cikinsu ba mutuwa suka yi ba, ƙaramin ciwo ne aka ƙyale har ya kwantar da su.

Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, da shirin bunƙasa noma na 1980, ƙasar nan ta kashe dukiya mai yawa wajen sayen taraktoci. Amma sayen ƙarfe daban, sanin halinsa daban.

Mu ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka fara fitarwa a 1964, aka kuma yi ta ƙerawa a Ingila. Yawancinsu injin Perkins ne mai silinda 3, mai shan man gas. Irin wannan inji ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mata mai ya kama. Watau abubuwa uku yake bukata: batir mai ƙarfi, da mai mai tsabta, da iska.

Idan an murɗa makulli ba a ji motsi ba, a fara duba ƙaramar giya, domin an yi taraktar ne yadda ba za ta tashi ba sai wannan giya tana firi. Daga nan a duba kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yakan hana wuta wucewa, maganinsa kuwa kankarewa da ɗaurewa. A nan tilas mu yi gargaɗi: al'adar haɗa wayoyin sitata da sukundireba ganganci ne, gama in tarakta tana cikin giya, sai ta zabura ta take mai ita.

Idan kuwa inji yana juyawa amma bai kama ba, a dubi salansa. In babu hayaki ko kaɗan, mai ba ya isa. Wataƙila an bar maɓallin kashe inji a jawe, ko filta ta toshe, ko mai ya ƙare iska ta shiga bututu. Sai a sassauta notin fitar da iska, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure. In kuwa farin hayaki ne ke fita, mai yana zuwa, zafin ƙona shi ne ya gaza. Sanyin hunturu yakan jawo haka, ko batir mai rauni, ko kuma inji ya sha jiki. Na ƙarshen nan kaɗai ke bukatar babban makanike.

To, ina abin da ya gagara a nan? Amma sai direba ya rubuta takarda, takarda ta bi tebur-tebur, kafin a sa hannu ruwan shuka ya sauka. Manomin da ya yi rajistar haya ya koma ga garmar shanu, ko ya yi shuka a makare, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da su koya wa kowane direba waɗannan matakai kafin a miƙa masa makulli. A ware kuɗin filta da batir a cikin kasafi, a daina zuba man da ya kwana da ruwa a durom, a kuma riƙa tayar da injuna da rani maimakon a jingine su wata shida. Ɗaliban kwalejojin aikin gona su ma a ba su tsofaffin nan su koyi gyara a kansu. Kafin a nemi kuɗin sabuwa, a fara tambayar abin da ya hana tsohuwa tashi. Rigakafi dai ya fi magani.