Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Jigawa

Mai girma Gwamna,

Ɗalibin da ya haddace lissafin injiniya a allo, amma bai taɓa haɗa waya da batir ya ga fitila ta kama ba, takarda kawai zai kwaso. Ambaliyar 2022 ta cinye gonakin shinkafa a fadamar Haɗejiya, alhali na'urar auna tashin ruwan kogi, wadda za ta iya faɗakar da manoma, aikin masu karatun lantarki ce. Za a ce kuɗi sun yi kaɗan, amma kuɗin kayan gwajin ɗalibai ba su kai asarar damina ɗaya ba. Horar da matasa haƙƙi ne a wuyanku. Muna roƙon a wadata Kwalejin Binyaminu Usman da ɗakin gwajin lantarki, da wutar sola, da ƙwararrun malaman lissafi.

Wassalam,
Wani mai kishin Haɗejiya.