Kafin a jefar da rauta, a bar ta ta faɗi ciwonta

Duk wanda ya saba sayen waya ta hannu a Farm Centre ta Kano ya san lambar nan *#0*#. A yawancin wayoyin Samsung, da an danna ta sai shafin gwaji ya buɗe, a duba ja da kore da shuɗi na fuskar wayar, a gwada lasifika, a ja yatsa a gano inda taɓi ba ya kamawa. Mai sayen iPhone kuwa sai ya leƙa lafiyar batir kafin ya ƙirga kuɗi. Amma da an zo kan rauta, na'urar da ke raba intanet a gida da shago da ɗakin kwanan ɗalibai, sai kowa ya koma lalube cikin duhu. A kashe a kunna. A zare layi a goge a mayar. A soka tsinke a ramin risetin. Idan duk bai yi ba, a ce ta mutu, a nemi kuɗin wata.

Abin haushin shi ne, masu ƙera rautoci sun daɗe da sanin yadda ake sa na'ura ta binciki kanta. Shekara da shekaru suna ba manyan abokan cinikinsu wannan dama. Mai ƙaramar rauta a gida ne kawai aka bari da fitilu huɗu masu ƙyaftawa, kuma lokaci ya yi da za a daina yi masa wannan rowa.

Misali mafi kyau shi ne jerin manyan rautocin Cisco 12000, waɗanda suka fito a 1997 kuma suka ɗauki shekaru suna riƙe da manyan hanyoyin intanet na duniya. Irin waɗannan ba su yi kama da ta gida ba. Akwati ne mai tsayi, da ramuka da ake zura faifan lantarki a ciki, kowane faifai da layukan da yake ɗauka. Ana kiran faifan katin layi, kuma guda ɗaya kan yi tsadar da babu kamfanin da zai cire shi ya yar a kan zato. Saboda haka Cisco ta tanadi manhajar gwajin lafiya da injiniya zai yi amfani da ita a inda na'urar take, ba sai an kwashe ta zuwa masana'anta ba. Injiniyan zai rubuta umarnin diag tare da lambar ramin da yake zargi. Nan take katin ya daina ɗaukar zirga-zirga, a loda masa manhajar gwaji a maimakon ta aiki, sauran katunan kuma su ci gaba da harkarsu.

Abin da manhajar ke yi ba sihiri ba ne. Tana rubuta bayanai a ma'adanar katin, ta sake karanta su, ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Tana tura ƙunshin bayanai ta hanyar da ya saba bi, ta juyo da shi, ta gwada wanda ya tafi da wanda ya dawo. Gwajin kan ɗauki minti biyar zuwa ashirin gwargwadon irin katin. Idan ya ci jarrabawa, sai ya koma bakin aiki. Idan ya faɗi, sai a ga gwajin da ya faɗi a kai. Akwai wani ƙaramin abu kuma da ya cancanci yabo: ana ajiye sakamakon a jikin katin kansa, don haka ko an kai shi wani gari, wanda ya karɓa zai iya duba abin da gwajin baya ya nuna. Wato katin yana yawo da takardar asibitinsa.

Ko da ya faɗi ɗin ma, ƙwararren injiniya ba ya gaggawar yanke hukunci. Zai zare katin ya sake zura shi da kyau, ko ya mayar da shi wani ramin ya sake gwadawa. Idan matsalar ta bi katin, katin ne. Idan ta tsaya a ramin, to akwatin ne ke da ciwo. Daga baya Cisco ta faɗaɗa wannan tunani da tsarin da ta kira GOLD a na'urori irin su Catalyst 6500 da rautocin 7600, inda wasu gwaje-gwajen ke gudana lokacin kunnawa, wasu suna tafiya a ɓoye na'urar na tsaka da aiki, wasu kuma sai an nema ko an sa musu lokaci.

Kamfanoni ba don tausayi suke wannan wahala ba, lissafin kuɗi ne. Na'urar da aka mayar musu da sunan ta lalace, aka bincika aka tarar lafiyarta ƙalau, asara ce ta jigila da lokacin ma'aikata. Wani bincike da kamfanin Accenture ya fitar a 2008 kan kayan lantarkin da masu saye ke mayarwa a Amurka ya nuna kashi 68 cikin 100 ba a same su da wata matsala ba, kashi 27 masu su ne suka canza ra'ayi, kashi 5 kacal ne ke da lahani na gaske. A Amurka ke nan, inda mutum ke mayar da kaya a ba shi kuɗinsa. A kasuwar da doka ita ce "in ka fita da shi ya zama naka", mai saye ne ke ɗaukar wannan asara shi kaɗai, kuma rautar da babu abin da ya same ta tana ƙarewa a ƙasan gado ko a bola.

Dalilin da ya sa zato ke yawan kuskure shi ne, tsakanin waya da bidiyon da ya ƙi buɗewa akwai matakai da yawa, rauta kuwa ita ce kaɗai ake gani da ido. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa. Babu risetin da zai gyara wayar da ke ƙarƙashin teku, amma rautocin gida da yawa ba a tsara su su gaya wa masu su a fili ba cewa su lafiyarsu lau, matsalar tana gaba. Wanda ya soka tsinke a ranar ya goge sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa ne kawai, ya ƙara wa kansa aiki.

Idan ma matsalar tana cikin ɗaki, sau da yawa ba ƙwaƙwalwar rautar ba ce. Adafta ce. Yawancin rautocin gida suna cin bolt 12, kuma adaftar da ta sha hawa da saukar wuta tsakanin NEPA da janareta takan gaji: fitila na kamawa, amma da mutum biyar sun hau suna kallon bidiyo sai ƙarfin ya gaza, rautar ta mutu ta sake tashi. Sai kuma zafi. Takardar bayanin rautoci da yawa tana cewa an ƙera su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a inuwa, balle a saman kanta ƙarƙashin rufin kwano. Rautar da za ta iya cewa "wutar da ke shigo mini ta yi ƙasa" ko "na yi zafi" da ta ceci kuɗin mutane da yawa.

Kafin a samu hakan, akwai ɗan abin da mai waya zai iya yi da kansa. Manhajar ping, wadda Mike Muuss ya rubuta tun 1983, tana nan a cikin manhajoji irin su Fing da PingTools. A fara buga ping zuwa adireshin rautar, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei. Idan ana kusa da ita amma amsa tana yankewa, matsalar tana tsakanin waya da rauta. Idan nan ƙalau ne, sai a buga zuwa 8.8.8.8 na Google. In can ne ke yankewa, laifin ya wuce ɗakin. Rautoci masu layin 4G da yawa suna nuna lambobi biyu masu amfani a shafinsu. RSRP ƙarfin sabis ne, yana zuwa da alamar ragi a gaba: kusa da -80 yana da kyau, -110 kuwa ya yi rauni. SINR kuma tsabtar sabis ɗin ce, 20 zuwa sama madalla, kusa da sifili hayaniya ta rinjaya. Wanda ya ga lambobin nan suna da kyau amma intanet na rarrafe kullum bayan isha'i, ya san jama'a ne suka yi wa ƙarfen sabis ɗin unguwar yawa, sabuwar rauta ba za ta yi masa komai ba.

Sai dai duk waɗannan dabarun hanya suke gwadawa, ba cikin na'urar ba. Ping ba zai ce ma'adana ta fara lalacewa ba. Kuma ba wai abin ya fi ƙarfin ƙananan na'urori ba ne. Masu sana'ar sayar da Wi-Fi da ke amfani da MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, sun san cewa samfura da yawa suna nuna ƙarfin wutar da ke shiga da zafin na'urar, har da gwajin da ke faɗin nisan inda wayar netwok ta katse. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, manhajarta tana nuna ko bishiya ko gini ne ke tare eriya, tana kuma lissafa lokutan da sabis ya yanke da dalilinsu. Ashe dai ana iyawa, in an so.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a rautoci da yawa da kamfanonin intanet ke rabawa akwai ƙofar bincike, amma makullinta na hannun kamfani. Tun 2004 akwai ƙa'idar da ake kira TR-069, wadda ke ba kamfani damar leƙa rautar abokin ciniki daga nesa, ya canza saiti, ya sabunta manhajar ciki, ya gudanar da wasu gwaje-gwaje. Wanda ya biya kuɗin na'urar, yake biyan kuɗin data duk wata, shi ne ba ya ganin komai. Idan ya kira don ƙorafi, abin da zai fara ji shi ne ya kashe ya kunna.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ɗaya daga ciki tana da ƙarfi. Gwaji ba ya ganin gaibu. A 2014 Cisco ta ware dala miliyan 655 saboda wasu ƙwayoyin ma'adana da wani mai kawo mata kaya ya ƙera tsakanin 2005 da 2010. Ƙwayoyin suna lalacewa a hankali, na'urar tana aikinta kamar ba komai, sai ranar da aka kashe ta aka kunna ta ƙi tashi. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, irin wannan lahani ba ya daɗewa a ɓoye. Darasin gaskiya ne: cin gwaji yau ba garanti ba ne na gobe, kuma na'urar da ta ƙi tashi kwata-kwata ba za ta gwada kanta ba. Amma asibiti ma ba ya gano kowace cuta, ba a kuma rufe ɗakin gwajin jini saboda haka ba. Gwajin da ya raba matsala gida uku, wuta ko na'ura ko kamfani, ya riga ya yi rabin aikin.

Hujja ta biyu ita ce mutane ba za su gane lambobin ba. Wannan raina wayo ne. Matasan da suka koyi saita VPN da canza APN daga bidiyon TikTok ba za su kasa karanta kore da ja ba. Ta uku, batun tsaro, wato kada shafin bincike ya zama ƙofar masu kutse, ana magance ta ne da kalmar sirri mai ƙarfi da kuma taƙaita shafin ga wanda ke cikin gidan. Rautocin da har yau ake shiga shafinsu da admin sama admin ƙasa sun fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana da igiyar da za ta ja, domin ita ke tantance na'urorin sadarwa kafin a amince a sayar da su a ƙasar. Za ta iya sa sharaɗi cewa duk rauta ko MiFi da kamfanin sadarwa zai sayar da tambarinsa sai ta zo da maɓallin gwaji guda ɗaya a manhajarta. Ya nuna ƙarfin wutar da ke shiga, da zafi, da lafiyar ma'adana da na'urar Wi-Fi, da sau nawa ta mutu ta tashi cikin mako, da kuma matakin da hanya ta yanke. Sakamakon ya fito da kwanan wata da lambar na'urar, yadda mutum zai ɗauki hotonsa ya tura wa kamfani, ko ya ambata idan ya kira layin ƙorafin hukumar na 622. Mai neman a canza masa na'ura cikin garanti zai zo da hujja a hannu, shi ma kamfanin ya huta da karɓar na'urori masu lafiya.

Kasuwar kayan hannu ma za ta canza. A yau sayen tsohuwar rauta cinikin biri a sama ne: a jona ta, fitila ta kama, a biya. Da akwai shafin gwaji mai ajiye tarihi kamar na katin Cisco 12000, mai saye zai tsaya a gaban shagon minti biyar, ya ga ko na'urar ta saba zafi ko tana yawan mutuwa, sannan a yi ciniki a kan abin da aka gani.