BAYAN FAGE: Lauje da sarƙa, kafin a kwaikwayi Ninja a Bagudo

Duk wanda ya yi zaman benci a gidan kallon bidiyo ya san finafinan Ninja. 'Enter the Ninja' na 1981, da 'Revenge of the Ninja' na 1983 inda Sho Kosugi ya fito jarumi, da 'American Ninja' na 1985, sun sa yara da yawa sun naɗe fuska da ɗankwalin iyayen su mata su na tsalle daga kan katanga. A cikin makaman da ake gani a irin waɗannan finafinan akwai ɗaya da ya fi sauran haɗari ga ɗan Bagudo, don kuwa kayan haɗa shi su na nan a kusan kowane gida. Lauje ne aka ɗaura wa sarƙa, a ƙarshen sarƙar kuma aka maƙala dunƙulen ƙarfe. Japanawa su na kiran sa kusarigama: "kusari" sarƙa, "kama" lauje.

A ƙasar da ake noman shinkafa a fadamun Kwara, daga Bagudo zuwa Illo da Lolo, lauje ba baƙo ba ne. Tsohuwar sarƙar babur kuwa, a yankin da babura ke zirga-zirga ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ko kyauta bakanike zai bayar. Ga waya mai kyamara a aljihun kowa, ga TikTok ya na jiran abin da zai ja 'yan kallo. Saurayin da ke mafarkin zama bos a fim ba ya buƙatar jari, minti goma sun ishe shi ya haɗa abin da zai iya cire masa ido.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, su kan su masu makamin ba da ƙarfe su ke koyon sa ba. A makarantar Isshin-ryu, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun wannan fanni da su ka rage a Japan, sarƙar ta kai tsawon mita uku da rabi. Amma a wajen atisaye laujen na katako ne, igiya ce a madadin sarƙa, dunƙulen kuma abu ne mai laushi da aka lulluɓe da fata. Ba a kuma fara koya wa sabon ɗalibi shi. Sai mutum ya yi shekaru ya na koyon faɗa da sanda a ƙarƙashin malami kafin a miƙa masa ko na katakon. Atisayen ma ba dambe ba ne da kowa zai kai hannu inda ya ga dama. Mutum biyu ne ke bin taku da aka tsara tun da daɗewa, kowa ya san inda ɗan'uwan sa zai sa ƙafa. To idan malamin da ya yi furfura a kan abin ya na tsoron ƙarfe, ina ga wanda ya kalli fim sau uku?

Akwai kuma kuskuren da finafinai su ka dasa a zukatan mutane. A fim za a ga jarumi ya riƙe sarƙa ya na wulwula laujen a sama kamar farfela. A tsarin yawancin makarantun Japan, lauje ba ya barin hannu. Dunƙulen ake jefawa don ya nannaɗe takobin abokin gaba ko hannun sa, sannan a matsa kusa. Wanda ke son ganin abin da ya fi kama da na ainihi ya nemi fim ɗin 'Samurai II' na darakta Hiroshi Inagaki da ya fito a 1955, inda a farkon sa Toshiro Mifune, a matsayin Musashi, ya kara da wani mai wannan makami. Shi kuwa 'Ninja Assassin' na 2009, wanda mawaƙin Koriya Rain ya fito jarumi ya na juya wuƙa mai sarƙa, aikin kwamfuta ne ya cika shi, daga jinin har wulgawar makamin a fitowa da dama.

Haɗarin na cikin lissafi ne mai sauƙi. Igiya mai mita uku idan ana juya ta, ta na share fili mai faɗin mita shida ko fiye, kuma duk abin da ke cikin wannan da'irar abin duka ne: mai kyamara, mai riƙe makirfo, da yaran unguwa waɗanda ba a taɓa ɗaukar fim ba su kewaye wurin ba. Sanda idan ta kuskure, ta kuskure. Dunƙule a kan sarƙa idan ya kuskure, dawowa ya ke yi, kuma mai shi ya ke nema, ko ƙeya ko haƙora. Sarƙar ma ta na iya nannaɗe wuyan mai juya ta. Laujen gona kuma ya sha taɓo da kashin shanu, yankan sa na iya jawo cutar tetanus mai sandarar da jiki ga wanda bai yi allurar rigakafi ba. Wanda ya ji mummunan rauni a wani ƙauye ta wajen Kaoje, kafin a tsallaka da shi gadar Tuga a kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi, jini ya riga ya zuba.

Masoya finafinan Indiya sun san labarin Amitabh Bachchan. A ranar 26 ga Yuli, 1982, ana ɗaukar 'Coolie' a Bangalore, a wata fitowa ta faɗa da Puneet Issar, ya ji rauni a ciki wanda ya kusa raba shi da duniya, ya yi makonni a asibiti a Bombay. Babu lauje a wurin, babu sarƙa, naushi ne da teburi kawai, a gaban ƙwararrun masu tsara faɗa. Da fim ɗin ya fito a 1983, darakta Manmohan Desai ya tsayar da hoton a daidai wurin don 'yan kallo su gani.

Ba wai a haƙura da fitowar ba ne. Faɗan fim ai yaudarar ido ce, kuma yaudarar ba ta da tsada. Kafinta zai yanka siffar lauje da falanki marar kauri, ko a yanke ta daga tsohon silifa, a shafa fenti ruwan azurfa. Igiyar rama da aka rina ta isa sarƙa. Dunƙulen a yi shi da auduga ko soson katifa, baduku ya ɗinke da fata. Dabarar da ta fi kyau ita ce a haɗa igiyar da laujen da zare marar ƙwari, yadda in ta sarƙe a wuyan wani za ta tsinke da kan ta. Sarƙar gaske a ajiye ta don hoton kusa, lokacin da jarumi ke tsaye cak ya na zare ido, babu mai motsi.

Sauran aikin na darakta ne da edita. Idan aka ajiye kyamara a bayan wanda za a doka, tazarar taku biyu ba ta fitowa a hoto. A maimaita motsin a hankali har sai kowa ya haddace, a ɗauka guntu-guntu, a ƙara sauri wajen tacewa, a ɗora ƙarar sarƙa daga baya. A wajen atisaye a sa hular kwano ta babur da tabarau mai kare ido, a shata layi a ƙasa, a sa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai korar yara. Kuma duk wanda ya ce a tsaya, a tsaya, ko da ɗan aike ne.

Sai batun hukuma. Bagudo ƙaramar hukuma ce ta kan iyaka, hanyoyin ta cike su ke da shingayen jami'an tsaro, ga matsalar 'yan bindiga da ta sa kowa a ɗarare. Samari huɗu a kan babura biyu, fuska a rufe da baƙin ƙyalle, lauje da sarƙa a cikin jaka, ba kowane soja ko ɗan banga ba ne zai tsaya jin cewa fim za a ɗauka. Kafin a fita lokeshin a sanar da mai gari da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a faɗi rana da wuri, a kuma bar kayan Ninja a cikin jaka har sai an isa.