Tambarin da yaro zai iya kwatantawa

Duk wanda ya shigo Baure daga Daura a 'yan shekarun nan zai ga shagunan bakin titi sun koma kama da juna. Rumfar mai POS shuɗiya ce ko koriya, gwargwadon wanda ya ba shi na'ura, Moniepoint ko OPay. Mai katin waya yana zaune ƙarƙashin lema ruwan ɗorawa ta MTN ko ja ta Airtel. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Wanda yake sayar da kayan wani, sunan mai kayan ne ke jawo masa ciniki, kuma an ba shi bana da lema kyauta. Me zai kai shi kashe kuɗin fenti?

Maganata a kan waɗanda suke yin kayansu da hannunsu ce: mai yaji, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai turaren wuta da humra, mai dambun nama, mai zoɓo da kunun aya a gora. Yawancinsu matan aure ne da ke sana'a a cikin gida, kasuwarsu farantin talla ne da WhatsApp. Ƙanwata tana cikinsu, yajin daddawa take dakawa, shi ya sa na san yadda abin ke tafiya. Mace ta tara ɗan abin da ta tara, ta ba ƙanenta ya kai wa yaron da ke shagon kwamfuta. Shi kuma sai ya buɗe Canva, manhajar nan ta ƙasar Ostareliya da ta fito a 2013, ya zaɓi zanen da aka riga aka shirya, ya goge sunan da ke kai ya sa nata. Kafin la'asar sitika ta fito: baƙin fili, rubutun zinare, hular sarautar Turawa a sama, harafin farko na sunanta a tsakiya, sai dogon Turanci a ƙasa. Ta yi kyau, ba ƙarya. Matsalar ita ce gobe maƙwabciyarta za ta aika wajen yaron nan ɗaya, shi kuma zanen da ya saba da shi zai sake buɗewa.

A nan garin, mai ci ba shi ne yake zuwa saye ba. Aike ake yi. Uwa tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, ta ƙwala wa yaro kira ta ce ya sayo magi mai tauraro, ko farin magi, ko batir mai damisa. Waɗannan sunaye sun zauna a bakin kasuwa ne domin akwai hoto ko launi da baki zai iya faɗa, ido kuma ya gane. To, a gwada aiken ɗan shekara bakwai ya sayo yaji mai hular zinare da harafin A, alhali robobi uku a teburin mai tireda duk haka suke. Duk wanda hannunsa ya fara kaiwa shi zai ɗauko. Idan aka yi rashin sa'a na mai ha'inci ne, wanda ya cika gishiri da dussa, sunan mai kirki ne zai ɓaci.

Sai kuma a tuna inda muke zaune. Baure bakin iyaka take. Ta garin Babban Mutum mutanen Jamhuriyar Nijar suke shigowa, na wajen Magarya da ƙauyukanta, kuma wanda ya yi boko a cikinsu Faransanci ya karanta, da yawa kuwa allo kawai suka yi, kamar dattawanmu na nan. Mutumin da ya fi sanin ajami, ko wanda ba ya karatu sam, me rubutun Turanci mai lanƙwasa zai gaya masa? Amma idan ya sayi man gyaɗa mai hoton tulu ya ji daɗinsa, zai koma gida ya ce wa ɗan'uwansa in ya shiga Najeriya ya nemi mai tulu. Ko a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, shaidar da makiyayi ya yi wa saniyarsa ba ta da amfani in irin ta kowa ce.

Na san abin da za a ce min: kuɗi. Gaskiya ne, macen da jarinta bai wuce kwano biyar na barkono ba, ba za ta ɗauki mai zane na Kano ko Abuja ba. Kuma na ga zanen da aka ce wai na musamman ne da ya fi na Canva muni nesa ba kusa ba, an cusa lambar waya uku, hoton kaza, hoton kifi, tutar ƙasa da addu'a, duk a takardar da ba ta kai tafin hannu ba. (A nan ina roƙon 'yan'uwa mata, a daina buga aya ko sunan Allah a jikin sitika. Robar nan a bola za ta ƙare.) Don haka wadda take gwajin kasuwa, ba ta ma tabbatar za ta ɗore ba, ta fara da zanen da aka shirya, babu komai. Amma ranar da aka fara sallama a ƙofar gida ana tambayar kayanta, lokacin ya yi da za ta nemi alamarta.

Akwai kuma batun mallaka, wanda masu shagon kwamfuta ba sa gaya wa kowa. Ƙa'idar Canva kanta ta bayyana cewa tambarin da aka haɗa da hotunansu na kowa-da-kowa ba a yi masa rajistar alamar kasuwanci, domin ba naka ba ne kai kaɗai. Tun 2024, da aka tilasta wa masu POS yin rajista da hukumar CAC, mutane da yawa suka ɗauka takardar nan ta rufe komai. Suna kawai take karewa. Rajistar alama wani ofishi ne daban a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Mai yaji a Baure ba lallai ta je can bana ko baɗi ba, amma in Allah ya buɗa har ta kai ga neman lambar NAFDAC da kai kaya manyan kantuna, gara a ce hoton da mutane suka san ta da shi nata ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu zanen muna da su, mun dai raina su ne. Mutumin da yake rubuta bayan babbar mota, ya zana zaki da dawisu da fenti da buroshi, yana nan. Yarinyar da ke zana wa amare lalle tana nan, haka mai tsara zanen hula da mai sassaƙar ƙwarya. Kowannensu zai iya zana zabuwa ɗaya, ko turmi da taɓarya, ko goruba, ko tulu, a farar takarda da baƙin alƙalami, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai a ɗauki hoton a waya a kai wa yaron kwamfuta ya gyara layukan, ya sa suna da Hausa da manyan baƙaƙe, in da hali a ƙara ajami. Aikinsa bai ragu ba ke nan. A guji dagin Arewa da rijiyar Kusugu, duk da ƙaunar da muke yi musu: dagi yana jikin ƙofa, riga, kalanda da fostar 'yan siyasa, Kusugu kuwa ta duk masarautar Daura ce, ba za su bambanta yajin wance da na wance ba.

Zanen ya zama wanda zai fito ko da baƙi da fari ne, domin bugun kala yana da tsada, kuma a irin ranar Baure launi ba ya daɗewa bai koɗe ba. Wadda ba ta da kuɗin sitika ma tana iya sa a yanka mata hatimin roba ta riƙa bugawa a farar takarda. Sannan a karɓi asalin zanen daga shagon kwamfuta a ajiye a waya, don kada ranar da aka sami saɓani a kan farashi a ce sai an sake biya daga farko. Shi kuma mai zanen a yi magana da shi a gaban shaida, ko mijin mai kayan ko wanta, cewa wannan zabuwar an saye ta, ba zai zana wa wata mai yaji irinta ba a garin nan.